Motar Kawuna Da Aka Shayar Da Rubutu

Shekarun baya kawuna na Miga ya sayar da riɗinsa ya sayi mota 'yar Kwatano. Ranar da ya kawo ta, maƙocinsa, wanda tare suka tashi tun suna yawo ba wando, ya zagaya ta ya ce, "Kai! Wannan ai jirgi ce!" Bai ce masha Allah ba. Kawu ya riƙe abin a ransa.

Ba a jima ba mota ta fara iskanci. Yau ta tashi, gobe ta ƙi, jibi ta mutu a tsakiyar kasuwa har jakuna suna wuce ta. Kawu ya ce baki ne ya kama ta, kuma ya san bakin waye. Ya daina gaisa da mutumin, har ya ce zai kai ƙararsa gun mai gari.

Na ce, "Kawu, kafin a kai ga haka mu kai ta Dutse a sa mata kwamfuta."

Ya ce, "Kwamfuta tana ganin baki ne?"

Na ce, "Ta yanzu har mafarkin mota tana gani."

Da janwe muka isa garejin abokina a Takur. Ya durƙusa ya laluba ƙarƙashin sitiyari, ya soka wayar na'urar, ya murɗa makulli ba tare da ya tada inji ba. Muka zuba wa gilashin ido kamar masu duban wata. Shiru. Ya zare, ya hura, ya mayar. Shiru.

Ya ce, "Alhaji, ƙwaƙwalwar ta ƙi amsa sallama ma."

Kawu ya buga cinya. "Ba na faɗa ba! Ya rufe mata baki!"

Abokina ya ɗaga bonet, ya zare soket ɗin wani ɗan akwati da ke gefen batir. Wallahi sai ga baƙin ruwa yana ɗiga, haƙoran soket ɗin sun yi kore shar kamar gansakuka.

"Innalillahi! Alhaji, kogi kuka faɗa da ita?"

"Wane kogi? Ko ruwan sama ba na bari ya taɓa ta. Sai dai rubutu."

Bakina a buɗe, ƙuda zai iya shiga ya juya ya fito.

Abokina ya ce, "Rubutu a ina, Alhaji?"

"A nan mana. Kullum da safe." Ya nuno ni da haɓa. "Wannan ja'irin ne ya ce min nan ƙwaƙwalwarta take. To idan za a yi tsari, a taya za a zuba?"

Ashe tun daga ranar "jirgi" ya fara, in ta ƙi tashi kuma ya ƙara kofi.

Da muka koma, Kawu bai ko shiga gida ba, ya wuce wajen maƙocin da ledar goro. Mutumin ya ji labari, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce, "To masha Allah! Ka ji na faɗa. A bar ta ta sha mai."

Har yau in na ga an soka wa mota kwamfuta sai gabana ya faɗi. Kuma tun daga ranar, duk dattijon da ya tambaye ni wani abu a cikin bonet, ce masa nake yi, "Baba, ƙarfe ne kawai."