Ɗakin da Babu Kowa a Ciki

Har yau in na shiga banki ko wani babban kanti, sanyin iyakwandishan ya dake ni a fuska, ba daɗi nake fara ji ba. Warin buhun masara mai laima nake ji. Matata ta ce wannan ma wani ciwo ne, kuma ban taɓa yi mata musu ba.

A zamanin soja ne, shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu da madara sai an bi layi, in ka karkace a layin kuma bulala ta gyara maka tsayuwa. Ina akawu a wani kantin kayan noma a Makarfi. Dogon gini ne mai ɗaki huɗu: ofishin manaja, wurin sayarwa, siton taki, sai wani ɗaki can ƙurya mara taga da muke kira ɗakin iri. A nan ake jibge buhunan irin masara na zamani tun bayan girbi, su zauna har faɗuwar damina. Na'urar sanyi biyu ce a duk ginin, ɗaya a bayan kujerar manaja, ɗaya a ɗakin iri. Ta ɗakin iri ba a kashe ta. In an ɗauke wuta, janareta ake tayarwa dominta.

Mai kula da ɗakin wani dattijo ne mutumin kudancin Kaduna, Kirista, wanda ya daɗe a ƙasarmu har Hausarsa ta fi tawa gishiri. Dattijo muke ce masa, har manajan. A jikin na'urar akwai wani maɓalli da ake murɗawa, an rubuta masa lambobi daga ɗaya zuwa goma. Dattijo ya ɗiga jan fenti a kan huɗu, a nan maɓallin yake tsaye shekara da shekaru, babu mai taɓa masa.

Ana tsakiyar bazara takarda ta zo daga sama. Ban san takamaiman wanda ya rubuta ta ba. Babban ofishinmu ne ya turo, su ma turo musu aka yi, ga hatimi a kai har guda uku. Manaja ya tara mu a baranda ya miƙo mini.

“Malam akawu, karanta ka fassara wa jama'a.”

Lokacin ban daɗe da fitowa sakandare ba, ina ji da Turancina ƙwarai. Na gyara murya. Takardar ta ce ƙasa tana cikin matsi, wuta ba ta isa, don haka an kafa ƙa'ida ga duk ofisoshi da kantuna masu na'urar sanyi. Kada lambar na'ura ta sauka ƙasa da ashirin da wani abu, na manta ko da nawa ne. A kashe in an tashi aiki, a kashe ranakun hutu. Sai layin ƙarshe, wanda ke da wata kalmar Turanci da na ɗan yi jim a kanta kafin na ce, “Kuma a kashe a duk ɗakin da babu kowa a ciki.”

Muka ɗunguma zuwa ɗakin iri muka tsaya gaban maɓallin. Takarda ta ce ashirin da wani abu, maɓalli ya ƙare a goma. Manaja ya duba gefen na'urar, ya leƙa ƙasanta, ko akwai wani maɓallin da ya ɓuya. Babu. Ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce, “To, goma ce ta fi kusa da ashirin. A kai ta goma.”

Dattijo ya ce, “Oga, goma fa ƙanƙara ce. Ta fi shan wuta.”

“Takarda ta ce kada a yi ƙasa. Huɗu ƙasa ce ko sama?”

“Ƙasa ce, Oga, amma...”

“Shi ke nan.”

Na tsaya ina kallonsu, kowanne ya yi magana sai in ji shi ne mai gaskiya. Sai bayan shekaru na gane cewa lambar takarda ma'aunin zafin ɗaki ce, lambar maɓalli kuma ƙarfin injin ce, ɗaya in ta hau zafi ne, ɗaya in ta hau sanyi ne. A ranar kam, kaina ɗaurewa ya yi, na bi bayan mai babbar kujera.

Da aka zo maganar ɗakin da babu kowa, Dattijo ya juyo gare ni, ba ga manaja ba.

“Ɗana, ka ce babu kowa. Iri fa?”

“Iri ai ba mutum ba ne, Dattijo.”

“Ban ce mutum ba ne. Amma yana da rai, barci yake yi. Ka tabbata abin da Turancin ya ce ke nan? Babu mutum, ko babu komai?”

Na sake duba kalmar. Wallahi tana iya ɗaukar duka biyun, ko aƙalla haka na gani a lokacin. Amma ma'aikata sun zuba mini ido, kuma na riga na faɗa. Na ji kunyar in janye. Na ce, “Babu kowa ta ce.”

Ba na ganin laifin manaja sosai. A makon ne labari ya zagaya cewa an sa wani babban ma'aikaci tsallen kwaɗo a gaban yaransa saboda ya bar fanka tana juyi a ofis ya tafi cin abinci. Ko gaskiya ne ko ƙarya, manajanmu mutum ne mai tumbi da ciwon gwiwa, kuma ya yarda da labarin. Sai ya ɓullo da dabara. Tunda Dattijo yini yake yana kai da kawo tsakanin siton taki da motocin kaya, a kai teburina da tafiretana ɗakin iri. In ina ciki, akwai kowa ke nan.

Haka na zama kowa. Mutane a waje suna tsiyayar gumi, masu rake a bakin titi suna fifita da hula, ni ina cikin rigar sanyi biyu, yatsuna sun ƙage a kan tafireta, hanci yana yoyo. In zan zaga bayan gida sai in kashe na'ura, in na dawo in kunna. Wata rana wani matashin soja mai zagayen dubawa ya leƙo, ya yi tsuru, ya ce, “Wannan wane irin sanyi ne?” Manaja ya nuna masa takarda, ya nuna masa maɓalli a kan goma, ya nuna masa ni. Sojan ya karanta, ya dubi maɓallin, ya sake karantawa. Na lura shi ma kansa ya ɗaure. Ya ce, “Madalla, ku ci gaba,” ya fita yana murza hannu.

Ƙarfe uku da rabi in an tashi, ni nake kashewa da hannuna, in ja ƙofa in kulle. Ɗakin da ya yini kamar firij sai ya koma tanda, domin rufin kwano ne kuma babu taga. Asabar da Lahadi haka yake kwana biyu cur. Dattijo ya roƙa a bar shi ya riƙa zuwa ya zauna, ko da bayan ya taso daga coci ne. Manaja ya ce ranakun hutu layinsu daban ne a takarda, ko da mutum a ciki kashewa ake yi.

Da hadari ya fara haɗuwa iska ta yi nauyi, sai na riƙa tarar da buhunan da safe a jiƙe, kamar an yayyafa musu ruwa. Na kira Dattijo. Ya shafa buhu ya shinshina tafinsa.

“Ka taɓa ciro kwalbar lemo daga firij ka ajiye a tebur? Gumin nan da take yi, shi ne wannan. Kullum muna daskarar da shi, muna dafa shi.”

Na ce, “Amma ai yanzu ya fi samun sanyi, tunda goma ce.”

Ya dube ni kawai ya fita, ni kuma na ɗauka na kayar da shi.

Mahaifina manomi ne a Likoro. Tun tasowata, kowace kaka yakan zaɓi manyan goyon masara ya rataye a madafi inda hayaƙi ke dukansu, su ne irinsa na baɗi. Bai taɓa sayen iri ba. Amma tun da na sami aikin nan yake gaya wa abokansa a dandali cewa ɗansa ne ke gadin irin da ke kwana a iyakwandishan, abin da ko dagaci bai samu ba. A shekarar rumbu ya yi ƙasa da wuri. Da na ce zan kawo masa irin zamani, sai ya sa aka sauke na madafin aka kai niƙa, gidan ya ci tuwo da shi.

Ni na zaɓar masa buhu da kaina. Na ɗauko wanda ke dab da bakin na'urar, wai shi ya fi kowanne shan sanyi, na ɗaura a babur na kai masa. Ya shafa buhun ya yi ta sa mini albarka.

An yi ruwan shuka ranar wata Juma'a, ya shuka Asabar. Ranar Litinin Dattijo ya shigo ɗakin iri riƙe da wani tsumman buhu mai laima a naɗe. Ashe tun kwanaki ya ɗebi masara cikin hannu ya nannaɗe a ciki yana jiƙawa, don ya ga abin da zai tsiro. Ya warware a kan teburina. Ƙwayoyi ƙalilan ne suka fitar da farin tsiro. Sauran sun kumbura, sun yi baƙi, suna wari.

“Daga wane buhu?” na tambaya.

“Na kusa da na'ura. Na can baya da ɗan dama-dama.”

Tsoro na ji, da kunya, da wani haushi da na rasa wanda zan sauke wa. A ranar manaja ya murɗa maɓalli ya mayar kan jan fenti. Daga baya wani daga babban ofis ya ce ai takardar ba ta shafi ɗakunan ajiya ba, wani kuma ya ce ta shafa. Har na bar aikin ban ji wanda ya raba gardamar ba.

Sai da na yi kwana biyar ina juya abin da zan faɗa kafin na iya hawa babur zuwa Likoro. Na tarar da shi a gona. Ta maƙwabcinmu ta yi kore layi-layi. Tamu kuwa nan tsiro ɗaya, sai ka yi taku goma kafin ka ga wani. Yana tsugune yana tona rami da yatsa, yana ciro ruɓaɓɓun ƙwayoyi yana tarawa a tafin hannu. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi aiki, ya tambayi manaja, ya tambayi murar da nake fama da ita. Na buɗe baki zan gaya masa komai, maɓalli da takarda da kalmar da na fassara, na rasa ta inda zan fara yadda zai gane, tunda ni ma ban gama ganewa ba.

Shi ya riga ni.

“Ka yi haƙuri, na ɓata maka iri,” ya ce. “Ɗan gata ne, a sanyi ya tashi. Ni kuma na kawo shi na tura cikin wannan zafin ƙasa tamu. Kada ka gaya wa ogan naku, kar ya ce mahaifinka bai iya shuka ba.”

Na ce, “To, Baba.”

Ya zuba ƙwayoyin a aljihu, ya miƙe yana dafa gwiwa, ya ce bari ya je wajen ƙaninsa ko yana da sauran irin dawa.