Gaba Huɗun da Aka Auna Mana

Har yanzu in na ji ƙarar babura fiye da biyu, sai in fara neman wajen ɓuya.

Shekarar da na gama sakandare ne ɓarayin shanu suka fara kewaya ƙauyukan da ke kusa da namu. Dagaci ya tara dattawa aka yanke shawarar a zagaye gari da ganuwa. Kowane gida zai ba da damin gero don a sayi ƙyauren ƙarfe, kuma ya gina rabon da aka auna masa da igiya. Kakata ta ce haka ake yi a Daura tun zamanin iyayenta, kowace unguwa da ɓangarenta.

Mu gaba huɗu muka samu, wato awon buɗe hannuwa sau huɗu, ta gabas. Baba ba shi da ɗa namiji, mu uku ne duk mata. Kawuna, ƙanin Baba, wanda ke da samari biyar, ya leƙo yana dariya.

"Yaya, in aro maka maza biyu? Ko 'yar bokon taka ce za ta gina da biro?"

"Riƙe abinka," in ji Baba. "Zan riga ka gamawa."

Ginin ƙasa ba ya son gaggawa. Jeri ɗaya ake ɗorawa, a bar shi ya sha rana, sannan a ƙara. Baba ya fi kowa sani. Amma jeri uku muke ɗorawa a yini, ni ina kwaɓa ƙasa ina miƙa masa tubalin da bai gama bushewa ba. Na ce, "Baba, ɗanye ne fa." Ya karɓa ya ɗora.

Mun riga kowa gamawa. Ruwa na uku a daminar ya zubar da namu.

Kafin a gyara ɓarayin suka zo a kan babura, da hantsi, yawancin maza suna gona. Ƙofar gari a kulle take, ta wajenmu da ya rushe suka shigo. Ina ƙarƙashin rumbu na ji maƙwabcinmu yana roƙonsu su bar masa saniya ɗaya mai tatsa. Sai na ji harbi. Shi ne mai aiko mana da nono duk safiya.

Ba wanda ya ce wa Baba komai, ko kawu. Da ma sun zage shi, da ya fi sauƙi. Ya daina zuwa masallacin unguwa, yana zagayawa ta bayan gari don kada ya haɗu da marayun da maƙwabcin ya bari.

Bayan girbi muka kwashe zuwa Sandamu, gidan haya. Baba bai yi sallama da kowa ba.