Ƙafafun Rabi da ruwan jego

Ƙofar Guga

Ana sallame sallar asuba muka fito. Maiɗakina Rabi ba ta yi arba'in da haihuwa ba, ƙafafunta kuwa kullum ƙara nauyi suke, har ta daina ɗaukar jinjirin a tsaye don kada su faɗi tare. Ni da mai adaidaita sahu muka tallafa ta shiga. Na koma na duba ƙofa, na sake komawa don katin asibiti, ashe yana aljihuna.

"Malam, ko gidan za mu ɗauko gaba ɗaya?" in ji direban.

Hanya

Duk ramin da muka faɗa sai na dubi fuskarta. Na ce ya bi a hankali.

"In na ƙara ragewa, mai tura baro zai wuce mu."

A shinge kusa da GRA ɗan sanda ya leƙo, ya ce Allah ya sawwaƙe, muka wuce.

Asibiti

Sai dab da azahar aka kira mu. Ƙosan da na saya ya huce a hannuna. Likitar ta ƙwanƙwasa gwiwar Rabi, ta sa ta taka. Ta ce jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa suna da rufi kamar robar wayar lantarki. Akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu yi musu hidima, su ke sarrafa sinadaran gina rufin da gyara shi. In aikinsu ya taɓarɓare, rufin ya zaizaye, saƙo sai ya riƙa maƙalewa. Abin da take zargi ke nan, amma sai an ɗauki hoton kai.

"Yaushe ya fi tsanani?"

"In na fito wankan jego," in ji Rabi.

"Zafi yana ƙara danne saƙon. A dakatar da shi."

Mu muna cewa sanyi ne ya shige ta, kullum ƙara itace ake yi.

"Likita, za ta yi tafiya?"

"Muna sa rai. Alkawari ne ba zan yi ba."

Gida

Da la'asar muka iso. Gwaggo Indo, wadda ta zo yi mata jego, ta riga ta tafasa ruwa. Na durƙusa na faɗa mata.

"Ita likitar ta taɓa haihuwa?"

"Ban tambaya ba, Gwaggo."

"In sanyi ya kama min ɗiya, wa zai amsa?"

Rabi ta dafa bango ta ce, "Gwaggo, so nake in goyi ɗana."

Gwaggo ta daɗe tana kallon tukunyar, sannan ta janye itacen.

"To miƙo ruwan randa a sirka. Ka tsaya kana kallona."

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya. Saura hoton kai, ku sa Rabi a addu'a.