Shaidar Isufu Mai Igiya

A wani ƙauye da ke gabas da Tchaké akwai wani tsoho, Isufu mai igiya. Bai taɓa shiga lakwal ta boko ba, allo ma bai yi nisa ba, amma in ya buɗe baki, mai kai akuya kasuwa sai ya manta da kasuwar. Sana'arsa tufka. Ya jiƙa kaba, ya miƙe ƙafa a gindin dogon yaro, hannu na aiki baki na aiki, shekara hamsin ke nan.

Kuma fa ba surutun banza yake yi ba, yana da dokokinsa. Yakan ce labari sai da mutum, mutumin kuma sai da abin da yake so har ya hana shi cin tuwo. Ƙarshe kuwa ɓoye shi ake yi kamar tsokar nama a ƙasan miya. Amma babbar dokarsa ita ce mai gardama.

"Labarin da kowa ya ce to, ba labari ba ne, gaisuwa ce," in ji shi. "Dole wani shi miƙe shi ce bai yarda ba."

In abin da ya faru ba shi da mai gardama, sai Isufu ya aro wani daga mutanen gari, rayayye ko matacce, ya sa masa magana a baki. Kowa ya san haka, ba mai jin haushi. Wasu ma har alfahari suke yi an sa su a labari.

Shekaru suka tafi. Matarsa Ladi ta rasu, 'ya'yansa maza suka nufi Agadas neman kuɗi, igiyar roba ta cika kasuwa ta kashe masa ciniki. Amininsa Almustapha, wanda suka tashi tare, shi ma ya bar duniya. Abin da ya rage wa Isufu a duniya bakin nan ne kawai.

To, Almustapha ya bar 'ya guda, Hafiza. Mijinta ya rasu, ta dawo gida da yara uku tana noman gonar ubanta. Gonar jigawa ce duk yashi, in ban da wani ɗan kwari a kudancinta inda wani gawo yake tsaye. Nan ne ruwa ke kwanciya, nan ne hatsin da ke riƙe gidan yake fitowa. Maƙwabcinta Sabiru kuwa kowace damina sai ya ci mata kunyar noma ɗaya ko biyu a bakin gona. Ciyawar gamba da aka dasa a iyaka ta ɓace, aka wayi gari ya ce kwarin da gawon duk na ubansa ne. Magana ta kai gaban mai gari. Aka nemi wanda ya ga dashen iyakar a shekarar yunwa ta tamanin da huɗu, aka tarar duk sun mutu sai Isufu.

Da hantsi Hafiza ta same shi, ta durƙusa.

"Baba, don Allah abin da idonka ya gani kawai. Gawon nan namu ne ko ba namu ba ne, shi ke nan."

"Ke 'yar nan, ni za ki koya wa magana? Naku ne. Da hannuna na miƙa wa ubanki gambar."

Wallahi da niyyar taƙaitawa ya tafi. Amma da ya zauna a ƙofar mai gari ya ga mutum ya fi hamsin, duk sun yi tsit sun zuba masa ido, abin da ya daɗe bai samu ba, sai harshe ya fara ƙaiƙayi. Ya faro daga zafin ranar, da jakin Almustapha da haƙarƙarinsa suka fito, da yadda uban Sabiru ya zo da gatari a kafaɗa. Duk gaskiya ne. Mutane suka matso. Ya iso wurin dashen, inda a zahiri ba abin da ya faru: Almustapha da uban Sabiru sun dasa gamba kudu da gawo, suka yi musafaha, kowa ya kama gabansa. Ina! Isufu ya ji labarin zai kwanta tun bai tashi ba.

"Sai marigayi Rayyanu ya miƙe," in ji shi, "ya ce shi bai yarda ba, gawon nan..."

"Tsaya, Baba," Sabiru ya katse shi. "Wane Rayyanu? Ƙanen ubana? Shekarar yunwa yana Legas, bai dawo ba sai bayan damina uku. Kowa nan ya sani."

Tsofaffi suka sunkuyar da kai, don haka ne. Mai gari ya dubi Isufu.

"Rayyanu yana wurin ko ba ya nan?"

"Ranka shi daɗe, ba ya nan. Na sa shi ne don zancen shi tsaya da ƙafarsa. Amma gawon, na rantse..."

Aka tuntsire da dariya, irin wadda ya saba nema duk rayuwarsa, yau kuwa ta zame masa wuta. Mai gari bai yi dariya ba.

"Isufu, in ka iya ɗauko mutum daga Legas ka ajiye a gonar nan, mi zai hana ka matsar da itace?"

Isufu ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Liman ya ce ba a miƙa shi ga wanda yanzun nan ya amsa da bakinsa ya yi ƙari. Aka ce ba shaida, kowa ya riƙe inda ya noma bara. Kwarin ya tafi wa Sabiru, don shi ya kutsa ya nome shi bara.

Kwana goma Isufu bai fito gindin dogon yaro ba. Kunya ta ci shi, baƙin ciki ya fi kunyar. Da ruwan shuka ya sauka, ya ja sanda ya tafi gonar. Ya tarar da Hafiza da yaranta suna binne iri cikin yashi, can kudu kuwa mutanen Sabiru na shuka a inuwar gawo. Ya tsaya, ya rasa ta inda zai fara, karo na farko a rayuwarsa.

Ita ta fara gaishe shi, yadda ta saba, ba tsawa ba harara.

"Baba, na yafe. Abu ɗaya nike roƙo. Kada ka ba kowa labarin wanga abu. Bar mini shi yadda ya faru."

Ya ce to, ya juya da hawaye a gemu. Bai kai rabin hanyar gida ba ya kama kansa yana tunanin ta inda ya fi kyau a faro shi: daga ranar dashen gamba, ko daga safiyar da ta durƙusa a gabansa. Ya zauna a bakin hanya ya toshe bakinsa da hannu biyu.