Na Binne Inna a Shafi na Huɗu

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da ƙanwata, a motar haya mai zuwa Ibadan. Shekara biyu ina son rubuta tarihin rayuwata. Na tsara babi goma sha biyu, na ja wa kan kowanne layi da jan biro, amma ƙarƙashinsu ko kalma babu. Ƙanwata ce ta ce mu je Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan, inda aka haife mu, tun Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, tana iya tunawa, don ita kaɗai ta rage mana.

Hanya sai haƙuri. Ramuka suka yi ta jijjiga mu, dafaffen ƙwai kuwa a Jebba tsadarsa kamar da kazar za a haɗa maka. Washegari da hantsi keke mai ƙafa uku ya sauke mu a Sabo.

Gwaggo ta tarbe mu da amala da miyar ewedu. Daga lomar farko na tuna Inna, kakarmu. Na ture tsarin gefe, na ɗauki biro. Kwana uku ina zuba rubutu a tsakar gida, duk abin da ya zo: ranar da na ɓata a unguwar Mokola, akuyar da ta lashe rubutun allona, rigimar layin famfo.

Rana ta huɗu na karanta musu. Gwaggo na gyaran goro tana saurare. Can ta ɗaga hannu.

"Dakata, 'yar nan. Ba ɗazu kika binne Inna ba?"

"E, Gwaggo, a shafi na huɗu."

"To wace ce wannan take suyar ƙosai a na tara? Kuma kin yi aure kafin a yaye ki!"

Ƙanwata ta yi dariya har da hawaye. Kunya ta kama ni, na ce yaga shi zan yi. Gwaggo ta riƙe hannuna.

"Kul! Yau na ji muryar uwata. Oya, kawo almakashi."

Muka yanka shafukan labari-labari, muka baje a tabarma, muka danne kowanne da goro saboda iska. Gwaggo na faɗin wanda ya riga wani, ƙanwata na musu, ina jerawa.

Mun dawo Kano lafiya, ƙafafu a kumbure. Abin da na koyo shi ne a fara zubawa tukun, jeri ya biyo baya, kuma kowanne da ranarsa. Yanzu na gyara babi shida. Akwai shafi ɗaya da hawayena ya ɓata tawadarsa. Shi kam na bar shi yadda ya zo.