Na Takwas a Layin Wanzami

Mu goma sha ɗaya aka yi wa kaciya rana ɗaya a ƙauyenmu, kusa da Geza. Wanzami ya jera mu a zauren kakana bisa rairayi, daga bakin ƙofa zuwa ƙuryar da ake hura wuta, kowa ya kwanta bisa yadda aska ta same shi. Ni ne na takwas. Mun haddace wannan jeri kamar karatu, don har muka girma da shi muke tsokanar juna: na gabanka ya ce ya riga ka zama namiji, sai ka ba shi girma.

Na farko bai fita zauren da ƙafarsa ba, haƙoransa suka datse a kwana na shida. Na biyu ƙyanda ta ɗauke shi da bazara. Na uku ciwon ciki. Ba wanda ya lura da komai, don a lokacin mutuwar yaro ba labari ba ce. Daga nan aka yi shiru mai tsawo. Muka yi aure, muka haihu, ni na shiga fataucin raguna tsakanin kasuwannin Benin da Bagudo. Sai mota ta kife da na huɗu a hanyar Kamba. Na biyar maciji ya sare shi a gonar shinkafa.

Ranar da muka binne na shida, muna zaune a gindin tsamiya da azahar, na goma, mai gyaran keke, ya fara lissafa mamatanmu da yatsu. Ya kai yatsa na shida ya tsaya. Ya sake daga farko. Na ga kowa ya juya yana neman na bakwai.

Na bakwai ba ya nan. Shekara biyu ke nan da ya haye Benin yana aikin jirgin ruwa, kuma saƙonsa ya yanke. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu da gona a fadama. Bayan shi, sai ni.

Ni ba mai camfi ba ne. A shekarun nan da aka dawo da shari'a, wa'azi ya yi yawa a kan irin wannan, kuma limaminmu ya faɗa mana a fili cewa ajali ba ya bin layin wanzami. Na yarda da shi. Amma sana'ata ta koya mini kada in raina abin da ya maimaita kansa sau shida.

Shekara uku bayan binne na shida, wata ranar kasuwa a Lolo, wani dattijon masunci da nake sayen busasshen kifi a wurinsa ya ja ni gefe. Ya ce damina biyu da suka wuce sun tsamo wani mutum a ƙasan gari, sun yi masa sutura, sun ajiye zobensa ko danginsa za su zo. Ya kwance bakin zanensa ya nuna mini. Zoben azurfa ne mai lanƙwasa a gefe ɗaya. Ni na sayar wa na bakwai da shi. Na ce wa masuncin zan bincika, na jefa zoben a aljihu. Da na isa gida na sa shi a gwangwanin madara na tura bayan buhunan dusa. Na ce wa kaina zobe ba gawa ba ne, mutum yana iya sayar da zobe.

A cikin waɗannan shekaru wasu ma'aikata suka zo suna bin gida gida, suna tambayar mata haihuwa nawa suka yi, nawa ke raye. Babbansu yakan huta a rumfata. Na tambaye shi amfanin tayar wa mata da tsohon ciwo. Ya jawo kwali ya zana mini wani abu kamar matakala: farkonta gangare ne mai tsanani, tsakiyarta shimfiɗe, ƙarshenta ta sake zubewa. Ya ce in ka ɗauki waɗanda aka haifa shekara ɗaya ka bi su, haka suke raguwa. Na ce wannan na sani. In na loda raguna, kwanakin farko ake asara, wanda ya fara cin abinci ya tsira. Kuma ina iya faɗin kusan nawa za su faɗi a hanya, amma ban taɓa iya nuna wane ba. Ya ce su ma iyakar saninsu ke nan.

Sai na tambaye shi abin da ke raina: wanda ya ɓace fa, ina suke rubuta shi?

Ya ce, "Ba ma sa shi cikin matattu, Alhaji, ba ma sa shi cikin masu rai. Muna barinsa a inda idonmu ya tsaya."

Na riƙe wannan magana kamar wanda aka ba mafaka. Sau biyu yayan na bakwai ya zo wurina. Ya ce alƙali ya nemi shaida kafin a taɓa gonar ko a sallami matar, kuma ni ne mai shiga Benin, ko na ji wani abu. Sau biyu na ce ban ga gawa ba. Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da na yi. Matar tana wucewa ta gaban rumfata da tallan ƙuli, ba bazawara ba, ba matar aure ba. A zuciyata, muddin ba a furta mutuwarsa ba, yana tsaye tsakanina da ƙofa.

Shekara huɗu zoben yana cikin gwangwani. Sai na tara, tela a Zagga, ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura. Na je gaishe shi da hantsi, na same shi a tsakar gida bisa tabarma, ya rame har na ga yaron da na sani a fuskarsa. Muka yi tsokanarmu, na ce ya tashi, ba layinsa ba ne, kada ya yi mini shisshigi. Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya dube ni.

"Ɗan kasuwa. Cinyar kazar nan ta yi tsada."

Ban gane ba sai da na hau babur. A kwana na biyu a zauren kakana, sanyi ya dame ni, shi kuma yana kusa da wuta fiye da ni. Aka kawo mana kaza. Na ba shi cinyata, ya ba ni wurinsa, muka ja jiki muka musanya. A haka muka kwanta har muka warke. Shi ne cinikin farko da na yi a duniya, kuma na manta da shi sarai, don jerin da muke rerawa na aska ne, ba na kwanciya ba. Shi bai manta ba. Shekara arba'in da wani abu yana sane cewa shi ya kwanta a gefen na bakwai.

Ya rasu ranar Laraba. A maƙabarta na goma ya riƙe hannuna, fuskarsa a sake, ya ce to alhamdulillahi, layi ya karye, an tsallake mutum biyu, ashe liman ya yi gaskiya. Na goma sha ɗaya ma ya gyaɗa kai. Ni kuwa ina kallon ƙasar da ake turawa, na san ba a tsallake kowa ba. Na bakwai ya tafi a lokacinsa. Ɓoye zoben bai tare mini komai ba. Wani ne ya kwanta a wurina, ni kuma na bar mace tana yawo shekara huɗu a banza.

Washegari na fito da gwangwanin na kai wa yayan na bakwai. Ya juya zoben a tafinsa, ya tambaye ni tun yaushe. Na faɗa masa. Bai zage ni ba, ya dai ce in tashi daga tabarmarsa. Na ɗauki mota na je Lolo na kawo masuncin da wani da suka yi suturar tare, suka tsaya gaban alƙali, ni ma na faɗi nawa ba tare da na rage ba. Matar ta shiga takaba, aka raba gonar. Har yau in ta hango ni a kasuwa sai ta sauya hanya.

Na gaya wa sauran biyun labarin cinyar kaza, don ban ga dalilin sake ɓoye wani abu ba. Yanzu mu uku ne, kuma a jerin kwanciya ni ne a gaban na goma. Ina cin abincina, ina loda ragunana, hawan jinina yana nan yadda likita ya bar shi. Na goma dai ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Duk ranar kasuwar Bagudo sai ya rufe rumfar kekunansa ya zo ya zauna kusa da ni. Ya kawo mini zuma, ya hana ni hawa babur da yamma, ya tambayi barcina da fitsarina. In na yi tari, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya zuba mini ido har in gama.