Farar Rigar da Baba Ke Ɗaurewa a Bayan Keke

Jiya da safe na wuce wani mai guga a bakin tasha yana hura gawayi, ƙanshin sitaci mai zafi ya bugi hancina. Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya. Na share ɗaki sau biyu, na ɗora ruwa na manta da shi. Bari in gaya maka abin da ya taso mini, ko na samu sauƙi.

A Kagoma muka tashi. Baba akawu ne a wani ofis a Kafanchan, kullum da keke yake zuwa. Hanyar jar ƙasa ce, da damina taɓo har gwiwa. Don haka ba ya sa rigar aiki daga gida. Mama ce ke goge ta da sassafe, ta shimfiɗa ta a kan tsohuwar kalanda, ta naɗe su tare a jikin guntun gora, a hankali, tana lallashin hannayen rigar da tafinta. Sai ta zura cikin leda, Baba ya ɗaure a bayan keke da igiyar roba. Da singileti yake tafiya. In ya kusa gari, ya wanke ƙafa a rafi, ya warware rigarsa ba ko lanƙwasa ɗaya.

Wankin Asabar nawa ne, ni ce babba. Na san wuyan rigunan nan kamar tafin hannuna: jan layin gumi da sai na dirje da soso kafin ya fita. A daminar da nake aji shida, wata Asabar na ɗaga riga na ga wuyanta fari tas. Na ɗaga ta biyu, haka. Ta uku ma har sitacinta bai karye ba. Singiletin kuwa sun yi baƙi, kafaɗarsu ta fara cinyewa, suna wani yaji da ya sa ni atishawa. Citta ce.

Na kai wa Mama a madafa. Ko kallon rigar ba ta yi ba.

"Ke, wanki aka sa ki ko bincike? Je ki wanke."

Na wanke riga mai tsabta, na shanya. Amma hankalina bai kwanta ba. A majami'a ina kallon ƙeyar Baba maimakon littafin waƙa. A makaranta malami na magana, ni ina bin keken nan a zuciyata, ina tambayar inda yake tsayawa. Da yamma ya dawo yana fito kamar kullum, sai dai in zai sauka daga keke yakan dafa bango. Mama kuma kowace safiya ta hura gawayi, ta goge, ta naɗe. Mako uku na ƙirga muna haka, kowa na taka ƙasa a hankali.

Wata Litinin ana yayyafi, na fito ban ji ƙamshin gawayi ba. Baba na tsaye riƙe da keke, yana jira. Mama ta fito da tsohon zaninta, ta murɗe shi ya zama gammo mai kauri, ta miƙa masa.

"Baban yara, buhu na cin kafaɗa. Riƙe wannan."

Ya kalli zanin. Ruwa na ɗiga daga bakin kwanon rufi a tsakaninsu.

"Wa ya faɗa miki?"

"Ba kowa. Ni ke shafa maka man zafi."

A nan tsaye ya faɗa mata, ina ji: an rage ma'aikata, sunansa na ciki, ya kasa kawo maganar gida. Buhunan citta yake lodawa a wani sito bayan kasuwa. Ya ɗaure gammon inda riga ke zama, ya hau ya tafi. Ranar bai yi fito ba, amma da ya dawo ya ci tuwo malmala biyu. Da shekara ta zagayo ya koma gonar Kaka, ya shuka tasa cittar, da ita muka gama makaranta mu huɗu.

Yanzu kwalta ta kai garinmu, babur na kai mutum Kafanchan kafin tuwo ya huce. Ina ganin samari masu digiri suna lodi a kasuwa suna ɗaukar kansu hoto, ba sa ɓoye wa kowa. Wani lokaci in ji daɗin hakan, wani lokaci ya tsorata ni, don ba su taɓa samun abin da za su ji kunyar rasawa ba. Baba da Mama duk sun koma ga Ubangiji. Shekara talatin ina da damar tambayar Mama ranar da ta fara ganewa, da abin da ya sa ta jira. Kullum sai in ce sai wani zuwan.